Kunkurun Sadik ya ƙi cin komai sai jatan lande

Memuna Aboabo:
Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah kar a yi min dariya. Wata 5 ke nan kawun Sadik ya dawo daga wajen Bosomtwe da ɗan kunkuru a bokiti, ya ce yara ya gani suna wasa da shi a bakin hanya, ya ba su kuɗin koko suka bar masa. Tun ranar yaron nan ba shi da zance sai na kunkuru, har suna ya raɗa masa, wai Kaftin. To Kaftin ba ya cin komai sai busasshen jatan lande, irin wanda muke dakawa a shito. Na ba shi latas, ya taka ya wuce. Kabeji haka, karas haka. Ayaba ya shinshina ya juya min baya. Amma da ya ji an girgiza gwangwanin jatan lande sai ya miƙo wuya kamar mai jiran trotro a Kejetia. Yanzu kwana 4 ke nan ko jatan landen ma sai ya ga dama, kuma idonsa na hagu ya ɗan tasa. Jiya Sadik ya ƙi cin tuwo wai sai Kaftin ya ci. Wa ya san kan abin nan?

Issaka Asawase:
Wa alaikumus salam. Anti Memuna ki kawo shi nan gidanmu, muna da tukunya da barkono, yau ɗin nan za a raba gardama.

Memuna Aboabo:
Issaka Allah ya shirye ka. Bari Sadik ya ji ka.

Mma Adiza mai wakye:
Memuna ke kika ɓata shi. Dabba da yaro duk tafiyarsu ɗaya, wanda ya saba da nama ba ya duban ganye. Ki ɓoye gwangwanin nan, ki yanka masa kontomire, wato ganyen gwaza, ki ajiye, ki tafi harkarki. Yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Kwana uku zai ci har da karan.

Baba Seidu Tafo:
Ikon Allah. Mu da muna yara a Salaga kunkuru a rijiya ake jefa shi, ya yi shekara da shekaru a ciki, ba wanda ya taɓa yanka masa karas. Abin da ya faɗa ruwan shi ne abincinsa, ƙwari, tsutsa, 'yan kwaɗi. Yanzu an zo zamanin da kunkuru ke da jadawalin abinci. Amma 'yata, wane iri ne? Don akwai na tudu, akwai na ruwa, kuma ba abincinsu ɗaya ba.

Memuna Aboabo:
Baba ni dai kunkuru na sani. Baƙi-baƙi ne, girmansa kamar tafin hannuna.

Rukaya:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Anti Memuna, tambayar Baba ita ce farkon magana, kafin a zo kan kontomire. Ni ɗaliba ce a sashen likitancin dabbobi, ban gama ba tukuna, amma irin wannan mun taɓa shi. Ki duba min abu uku. In ya tsorata, kansa yake ja ciki kai tsaye, ko lanƙwasa wuyan yake gefe guda ya ɓoye shi ƙarƙashin bakin ƙoƙon? Ƙafafunsa dunƙulallu ne kamar na giwa, ko shimfiɗaɗɗu masu fata tsakanin yatsu? Sannan ki kifa shi a hankali ki dubi ƙoƙon cikinsa, ɓangaren gaba yana motsi kamar murfi?

Memuna Aboabo:
Na duba yanzun nan. Gefe yake kai wuyan, kamar mai barci a mota. Yatsun da fata a tsakani, da farata masu kaifi, ya ma karce ni. Ƙoƙon cikin kuma gaban yana ɗagawa ya rufe. Kuma Rukaya wani wari ya sake min a hannu, subhanallahi, sai da na wanke da omo sau biyu.

Rukaya:
To an gama. Na ruwa ne, irin na taɓo da fadama da ke ko'ina a Afirka ta Yamma, sunansa a littafi Pelusios castaneus. Warin nan makaminsa ne, in an dame shi yake sakewa. Anti, wannan ba mai kiwon ciyawa ba ne. A daji katantanwa yake ci, da ƙwari, da tana, da ƙananan kifi, da talibamban, da ƙaguwa, har mushe in ya samu. Yana taɓa ganyen ruwa da 'ya'yan itace amma ba su ne ginshiƙin cikinsa ba. Wata 5 kina faɗa da shi a kan latas, alhali ko a gidan ubansa ba ya cin latas.

Tambaya ɗaya kuma. A ina kike ajiye masa ganyen?

Memuna Aboabo:
A murfin roba, a ƙasa kusa da baho. Nakan fito da shi in ajiye shi gaban abincin. Jatan landen kuma Sadik ne ke jefa masa cikin ruwa.

Rukaya:
Ai kuwa ga rabin amsar nan. Na ruwa ba ya iya haɗiye abinci a busasshiyar ƙasa yadda ya kamata. Ba shi da yawu irin namu, harshensa ba ya tura loma, da ruwa yake zuƙo abincin ya haɗiye. Ko a tudu ya kama abu sai ya ja shi cikin ruwa. Duk abin da kika ɗora masa a murfin roba kamar an ba mutum garin kwaki ne ba ruwa, an kuma ɗaure masa hannu.

Issaka Asawase:
Wato Kaftin ba shi da laifi, Anti ce ke ba shi abinci a inda ba ya iya ci. A ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Mma Adiza mai wakye:
Na ji, na ruwa ne. To a jefa masa kontomiren a ruwa. Maganata dai tana nan, a ɓoye gwangwani a bar shi da yunwa.

Rukaya:
Mma, kontomire kam a'a. Ke kin fi ni sanin yadda ɗanyensa ke ƙaiƙayi a hannu da maƙogwaro in bai dahu ba. Wasu 'yan ƙananan allurai ne a cikin ganyen, na sinadarin okzalet, kuma shi wannan sinadarin yana kama kalsiyam ya hana jiki amfana da shi. Kunkuru kuwa rayuwarsa duka a kan kalsiyam take, don ƙoƙon nan ƙashi ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi. Alefu ma yana da okzalet da yawa, sai dai kaɗan can ba a rasa ba. In ganye ake so, ga zogale, ga ayoyo, ga ganyen sobolo, ga kainuwa in an samu daga ruwa mai tsabta.

Batun yunwa kuma, da lafiyarsa ƙalau da na goyi bayanki. Amma wanda idonsa ya kumbura, ya kuma rage ci da kansa, ba a yi masa horon yunwa. Sai an fara gano me ke damunsa.

Malam Awudu:
Madalla da wannan magana ta ƙarshe. Ina karantawa tun ɗazu ban so in sa baki ba, amma kalmar a bar shi da yunwa ta tsaya min. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na ƙasa ba. Ajiye dabba ba laifi ba ne, amma daga ranar da ka tsare ta, cinta da shanta sun hau wuyanka. Hajiya Adiza ki yi haƙuri, ba ke nake nufi ba, hukuncin nake faɗa.

Mma Adiza mai wakye:
Malam ni ban ce a kashe shi ba. Abinci na gabansa, shi ya ƙi. Matar can ba ta ajiye wa kyanwa komai ba. In ɗana ya ƙi tuwo ya ce sai indomi, na bar shi da tuwon, na zalunce shi?

Malam Awudu:
In tuwon abincinsa ne, ba ki zalunce shi ba. In kuwa kin ajiye wa akuya nama kin ce ai abinci na gabanta, kin san amsar.

Fuseini mai kifi:
Ku bari in shigo nan, don irin su Kaftin kullum ina fama da su. Ina kiwon tarwaɗa a wajen Kenyase, kuma duk damina sai sun shigo min tafki suna cin 'ya'yan kifi. Malam, yunwar kunkuru ba irin ta kyanwa ba ce. Jininsa ba ya ɗumama kansa, zafin wuri yake bi, don haka ba ya ƙona abinci kamar mu. In ruwa ya janye da rani wasu binne kansu suke a taɓo su yi makonni ba ci. Babba mai lafiya sau 2 ko 3 a mako ya ishe shi. Ƙarami mai girma ne ke buƙatar kullum ko bayan kwana ɗaya. Tsallake kwana biyu ba azaba ba ce gare shi. Na gida da yawa ƙiba ce ke damun su, ba yunwa ba, sai ka ga kitse na bultsowa ta wajen cinya har ba ya iya shigar da ƙafa.

Malam Awudu:
To wannan ilimi ne, na karɓa. Ma'aunin dai shi ne kar a cutar.

Fuseini mai kifi:
Sannan Hajiya Memuna, kin lura da lokacin da muke ciki? Hunturu ne. Da asuba ruwan baho yakan yi sanyi ƙarara, balle in a kan siminti yake. Tarwaɗana ma sun rage ci makon nan. Ruwansa ya kamata ya zauna wajen digiri 25 zuwa 28. In ya yi ƙasa sosai cikinsa ba ya narkar da abinci, sai ya daina nema. Wa ke ba shi abinci, kuma da wane lokaci?

Memuna Aboabo:
Sadik, kafin ya tafi makaranta, wajen ƙarfe 6 da rabi. Bahon kuma a baranda yake bayan ƙofa, rana ba ta kaiwa wurin. Na ɓoye shi ne saboda yaran gidan haya, kar su dame shi.

Rukaya:
Anti wannan ta fi batun latas girma. Wata 5 ba rana? Fatarsa na buƙatar wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB, da shi take haɗa bitamin D3, kuma in babu D3 ko buhun kalsiyam kika ba shi ba zai shiga ƙashi ba. Ƙarshenta ƙoƙo ya yi laushi, ya karkace, muƙamuƙi ya yi taushi har ya kasa cizo. Ki danna bayansa da babban yatsa a hankali ki gaya min. Kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya aiki, gilashi na tare UVB. Turawa fitila ta musamman suke saya saboda ba su da rana rabin shekara. Mu a Kumasi kyauta Allah ya ba mu.

Memuna Aboabo:
Na danna. Tsakiya da tauri, amma can baya wajen wutsiya yana ɗan lotsawa kaɗan.

Zenabu Nima:
Ina bin ku daga Accra. Don Allah kafin kowa ya ɗauki baho ya kai rana, ku ji nawa. Shekara biyu da suka wuce na saya wa 'yata ɗan kunkuru kore mai jan kunne a wajen wani mai kifin ado. Aka ce min yana son rana. Na sa shi a kwanon silba da ruwa ɗan kaɗan, na ajiye a tsakar gida da hantsi, na shiga kasuwar Nima sayen kayan miya, na ce yanzu zan dawo. Na haɗu da wata 'yar garinmu, hira ta yi hira. Da na dawo bayan azahar ruwan ya yi zafi kamar na wankan jego, shi kuma ya miƙe ƙafafu, baki a buɗe. Yarinyar nan ta yi kuka har ta yi amai. Har yau in na ga kwanon sai gabana ya faɗi, na ma bayar da shi. Rana e, amma rabin bahon ya zama a inuwa, ruwan ya zama da zurfi, kuma mutum na kusa.

Rukaya:
Allah sarki Yaya Zenabu, sannu. Abin da ta faɗa shi ne daidai. Babban baho, ruwa ya kai zurfin da zai iya juyawa in ya kife, dutse ko guntun katako da zai hau ya bushe sarai, a rufe rabi da katako. Ranar safe, ƙarfe 8 zuwa 10, ta wadatar. Shi zai zaɓa da kansa, in ya ji zafi ya faɗa ruwa. A kuma sa raga a sama saboda shaho da karnuka, kuma sun iya hawa fiye da yadda ake zato.

Baba Seidu Tafo:
To ni nan nake da ja. Na rijiyarmu wace rana yake gani? Rijiya gaba goma. Kuma ya rayu.

Fuseini mai kifi:
Baba da girmanka, wa ya taɓa fito da shi ya danna bayansa? Kuma wa ya ƙirga waɗanda suka mutu a ciki aka yi shiru? Ba su da saurin mutuwa, shi ya sa ake ganin kamar lafiya suke. Kunkuru zai yi shekara yana ciwo ba ka sani ba. Sannan na rijiya babba ake jefawa, wanda ƙashinsa ya riga ya ƙosa, yana kuma cin ƙwari da kwaɗi ɗungurungum da ƙashinsu da hanjinsu. Na Sadik yaro ne mai girma, abu ɗaya tak yake ci.

Baba Seidu Tafo:
Ka yi gaskiya a nan. Akwai shekarar da ruwan ya yi wari aka yashe rijiyar, ba a gaya mana dalili ba. Yau na gane.

Memuna Aboabo:
To yanzu idon fa? Kuma me zan ba shi takamaimai? Ku faɗa min abin da zan samu a Aboabo ko Asawase, kar a ce min sai na je Adum neman abincin gwangwani na Turai.

Rukaya:
Idon na iya zama ɗayan biyu, ko duka biyun. Ƙarancin bitamin A na kumbura fatar ido, kuma ana yawan ganinsa ga wanda aka riƙe da busasshen jatan lande zalla, don babu wani bitamin A na kirki a cikinsa, ga kuma gishirin da ake sa wa na kasuwa. Amma wannan yawanci ido biyu yake kamawa. Ido ɗaya ya fi kama da dattin ruwa ko rauni. Ba zan iya yanke hukunci ta waya ba. In kika ga majina ko kumfa a hanci, ko yana buɗe baki yana numfashi, ko yana iyo a karkace, wannan ciwon huhu ne, kar ki jira, ki kai shi wurin likitan dabbobi. Jami'ar KNUST ta nan Kumasi na da makarantar likitancin dabbobi, akwai kuma asibitin dabbobi na gwamnati. Kar ki ɗiga masa maganin idon mutane, kar kuma ki bari wani ya yi masa allurar bitamin A da ka, in ta yi yawa fata take saluɓewa.

Abinci kuwa, ki fara da mai motsi, don motsi ne ke tada masa sha'awa. Tana ita ce ta ɗaya. Sai ƙananan katantanwa da ɓawonsu, nan kalsiyam yake. Gyare, fara, shinge in ruwan farko ya sauka. Ɗanyen ƙaramin kifi sabo da ƙayarsa da kayan cikinsa. Hantar kaza kamar ƙwayar wake sau ɗaya a mako biyu, saboda bitamin A, kar ta wuce haka. Tsokar nama zalla ba ta da amfani sosai, fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kaɗan, alhali so ake kalsiyam ya ninka fosfaras wajen sau 2. Ban da kifi mai gishiri irin su koobi da momoni da amane, ban da burodi da madara, cikinsu ba ya narkar da madara. Yawan abin da za ki ba shi a zama ɗaya, ki kwatanta girman kansa.

Issaka Asawase:
Tana kam ga kwatar Aboabo nan, Sadik ya ɗauki cokali.

Fuseini mai kifi:
Kai Issaka kar ka sa yaro a wahala. Ban da ta kwata, ban da inda ake wanki ko zubar da baƙin mai, ban da gonar da aka yi wa feshi. Kyankyason da maganin sauro ya kashe ma kar a jefa masa. A tona ƙarƙashin ayaba ko inda ganye ke ruɓewa. Da hunturun nan sun nutse ƙasa, sai a zuba ruwa da yamma a rufe da buhu, da safe a ɗaga. Katantanwa kuma ta tudu za a nema. Kar a tura yara rafi ko bakin tafki su tsinto ta ruwa, ita ke ɗauke da tsargiya, garin neman lafiyar kunkuru yaro ya dawo yana fitsarin jini.

Abincin tarwaɗa mai yawo a saman ruwa ma suna ci sosai, ni shaida ne, don shi suke sata a wurina. An haɗa shi da bitamin, ya fi jatan lande nesa ba kusa ba. Sai dai don kifi ya yi saurin ƙiba aka yi shi, maiƙo ya yi yawa, kar ya zama shi kaɗai. Hajiya in kina so zan aiko miki da cikin gwangwanin madara ta hannun yaron da ke kai min kifi kasuwar Asawase, zai yi miki wata biyu.

Memuna Aboabo:
Allah ya saka da alheri Malam Fuseini, ina so. Amma in ya ƙi fa? Na san halin mutumina.

Mma Adiza mai wakye:
Tunda an hana ni kontomire, bari in ba ku ta 'yan tuwo-tuwo. Yaron da ba ya cin ganye ba a nuna masa ganye. Ki daka jatan landen nan da yake so, bayan kin jiƙa shi ya fitar da gishiri. Ki goga karas kaɗan, ki sa garin zogale, ki fasa ƙwai ɗaya, ki kwaɓa, ki turara kamar tubani. Ba gishiri ba magi ba barkono. Ki yanka ƙanana. Ƙamshin abin da ya sani zai ji. Mako mai zuwa ki rage jatan landen ki ƙara sauran. Haka na yi wa jikana da alefu har ya girma bai sani ba.

Rukaya:
Mma wallahi wannan ita ce dabarar da masu kiwonsu ke yi, su da gelatin suke daskarar da shi, ke kin kawo ta gida. Abu ɗaya zan ƙara, ɓawon ƙwan kar a zubar. A tafasa shi, a shanya, a daka ya yi laushi kamar hoda, a barbaɗa ɗan kaɗan a kwaɓin. In an sa kifi sabo a ciki ya fi. A ajiye na kwana 2 ko 3 a firij, sauran a daskarar, in dumso, wato ɗauke wuta, ya yi dogon zama ya narke ya yi tsami a zubar. Kuma ki riƙa ba shi a wata roba daban da ruwa mai ɗumi kaɗan, don ƙwai na ɓata ruwa da wuri. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a sa shi.

Mma Adiza mai wakye:
Kun gani ko. Boko ta zagayo ta dawo madafa.

Malam Awudu:
Ni har yanzu zuciyata na kan abin da ya fi sauƙi. Me zai hana a mayar da shi inda aka ɗauko shi? Duk wannan ɗawainiya, tubani da hanta da tonon tana, a ruwansa kyauta yake samunta. Kuma na ji ana cewa suna daɗewa.

Rukaya:
Suna wuce shekara 20 a hannun mai kula, Malam. Sadik zai yi aure Kaftin na nan. Maganarka abin dubawa ce, amma ba yanzu ba, da kumburarren ido da ƙoƙo mai laushi ba zai kai labari ba, zai ma iya kai wa na daji ciwo. In ya warke Anti ta ga ba za ta iya ba, ta tuntuɓi ma'aikatan kula da namun daji na hukumar gandun daji, su ke riƙe da gidan zu da ke kusa da Kejetia. Irin na Yaya Zenabu mai jan kunne kuwa, shi ba a sakinsa ko kaɗan. Ɗan Amurka ne, yana cikin jerin halittu 100 da suka fi ɓarna in sun shiga ƙasar da ba tasu ba. Shi ne kuma in ya girma yake komawa cin ganye sosai, daga nan mutane ke ɗauko zancen latas su ɗora wa kowane kunkuru.

Zenabu Nima:
Ku ƙara da wanke hannu. Mai kifin adon bai gaya min ba, daga baya na ji.

Rukaya:
Na gode Yaya, na so in manta. Suna ɗauke da ƙwayar salmonella a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma tana sa mutum zawo da zazzaɓi, ga ƙananan yara kuwa abin na yin tsanani. Dalilin da ya sa Amurka ta hana sayar da waɗanda ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba tun 1975 ke nan, don yara na sa su a baki. Sabulu bayan kowane taɓi. Kar a wanke bahonsa inda ake wanke kwanuka, kar a yi amfani da soson wanke-wanke. Anti akwai jariri a ɗakin?

Memuna Aboabo:
Akwai ƙanwarsa mai rarrafe. Innalillahi, shekaranjiya na kama ta tana wasa da ruwan. Yau bahon zai bar baranda.

Memuna Aboabo:
Salamu alaikum, na dawo da labari, yau kwana 16. Na kai shi an duba, likitan ya ce ba ciwon huhu, ya wanke idon ya ba mu magani, ya ce in gyara ruwa da abinci, kusan duk abin da Rukaya ta faɗa. Sai da ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mai kawo kunkuru asibiti cikin bokitin fenti. Na sayi babban baho, maigidan ya ɗora shi a kan benci bayan ɗaki inda ranar safe ke sauka, ya rufe rabi da falanki. Kwana uku na farko Kaftin bai hau dutsen ba sai in ba kowa. Yanzu da ƙarfe 8 yana sama, ya miƙe ƙafar baya ɗaya kamar mai gida.

Tanar farko da Sadik ya jefa, ya tsaya yana kallonta tana murɗawa kusan minti ɗaya, sai kawai wuf, ya zuƙe rabi, ya sa farata ya yage sauran. Yaron nan ya yi ihu har maƙwabta suka fito. Abincin kifin Malam Fuseini yana ci. Katantanwa yana fasawa, ana jin ƙas ƙas daga ɗaki. Tubanin Mma ranar farko ya ƙi, ranar biyu ya ci, amma wallahi yana tauna yana furzar da karas ɗin, sai ka ga jajaye na yawo a ruwa. Idon ya buɗe. Bayan har yanzu yana ɗan lotsawa.

Rukaya:
Alhamdu lillahi. Ƙoƙon zai ɗauki watanni, kar ki riƙa dannawa kullum. Karas ɗin ki dafa ki markaɗa shi maimakon gogawa, ko ki sa kabewa, ba zai iya tsincewa ba.

Mma Adiza mai wakye:
Gwangwanin fa?

Memuna Aboabo:
Na mayar da shi madafa, jiya na yi shito da shi. Sai dai Sadik ya ɓoye guda biyar a aljihun wandon makaranta, na gani da zan yi wanki.

Issaka Asawase:
Tayina na nan dai in an gaji.

Fuseini mai kifi:
Hajiya ki ce wa Sadik ranar Asabar yaron zai biyo da 'yan kifi sababbi, ya tanadi roba.